Rundunar ƙananan mutum-mutumi: abin da muka gani a kwalbar man gyaɗa

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare cikin birnin Katsina. Bara ɗalibaina suka matsa sai mun gwada haɗa rundunar ƙananan mutum-mutumi, irin waɗanda ake cewa wata rana za su haɗu su zama kujera, su watse su zama tsani. Abin da ya ɗauki hankalinsu aiki ne da aka yi a Jami'ar Harvard ta Amurka a 2014, inda Michael Rubenstein da Radhika Nagpal suka saki mutum-mutumi 1024 masu suna Kilobot. Kowanne faɗinsa santimita uku da 'yan kai, suka jeru da kansu suka fitar da siffar tauraro da harafin K. Sai dai siffa ɗaya takan ci kusan awa 12.

Muka fara da abin da ke hannu. Masu gyaran waya suka ciro mana ɗan injin nan da ke sa waya girgiza, muka manna shi a kan buroshin goge baki da batirin agogo, muka zuba su a babban tire. Gudu kam sun yi. Su yi karo, su cunkushe a gefe guda, su sake watsewa, amma ko da'ira ba su fitar ba. Dalilin a fili yake: Kilobot ma da girgiza yake tafiya, amma yana aika wa maƙwabtansa saƙo da hasken da ido ba ya gani, ya auna tazarar da ke tsakaninsu, ya san inda zai tsaya. Namu kurame ne. Motsi arha gare shi, sauraren maƙwabci ne aikin.

To ina kuma ga na nano, wato ƙananan da ake auna girmansu da nanomita? Nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita, silin gashi guda kaurinsa ya kai kusan nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta ba wurin batir, balle kwamfuta. Shi ya sa masu bincike da yawa ke juya rundunar daga waje da maganaɗisu.

Nan ne muka fi jin daɗi. Na je wurin wani mai walda neman garin ƙarfen da ke zuba ƙarƙashin injin gurza, ya kalle ni ya ce, "Malam, shara kuma za ka saya?" Ya cika mini leda kyauta. Muka tankaɗe da rariya, muka zuba cikin kwalbar man gyaɗa, muka kanga mata maganaɗisun tsohuwar lasifika. Nan take garin ya miƙe tsaye sili-sili kamar gashin buroshi, domin kowace ƙwaya ta zama ɗan maganaɗisu, ta kama wutsiyar 'yar uwarta. Ka juya hannu su kwanta, ka zagaya su bi ka suna tungurawa. Da irin wannan dabara masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka nuna a 2022 cewa ƙwayoyin sinadarin ƙarfe na nano za su iya zama buroshi ko zaren sakace su kankare dattin haƙori.

Akwai bambanci guda da muka gani da idonmu. In an janye maganaɗisun, namu garin yakan zauna a dunƙule, saboda sauran maganaɗisu da ya rage a jikinsa. Na nano kuwa sakin juna suke yi da zarar an ɗauke, abin da ya sa ake sha'awarsu don aiki cikin jikin mutum, inda dunƙulewa ka iya toshe jijiya.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai wannan ba su ke tunani ba, hannunka ne." Gaskiya ta faɗa, kuma a ganina gwargwadon lamarin ke nan a yau: masu ɗan wayo manya ne, ƙananan kuwa jan su ake yi.

Wanda zai gwada ya yi amfani da mai, ruwa tsatsa yake sa garin. Ya kuma naɗe maganaɗisun cikin leda, in ba haka ba zai yini yana tsince ƙarfe da farce.