Yaron da Aka Tura Ni Kallo

A watan Janairu ne babban kocinmu ya miƙo min wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan wata makarantar sakandare da lambar rigar wani yaro, ya ce in je in gano masa ko yaron zai iya riƙe mana ƙwallo a ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando baɗi. Shekarata ta farko ke nan ina taimaka masa a wata ƙaramar jami'a a tsakiyar Amurka, wadda ke wasa a rukuni na biyu na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. Ni dai a Zariya na koyi ƙwallon kwando, garin da Masai Ujiri ya tashi, kuma na san da aikin farautar 'yan wasa ya fara, ba a biyansa ko sisi, kafin ya kai ga ɗaukar kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a matsayin shugaban ƙungiyar Toronto a 2019. Don haka da zumuɗi na karɓi takardar.

Gurbin da muke neman cikewa shi ne lamba ɗaya, wato mai raba ƙwallo. Shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya faɗi tsarin da za a bi, ya san wanda hannunsa ya yi zafi da wanda aka daɗe ba a ba shi ba. Shi ne bakin koci a cikin fili.

Na yi tuƙin awa uku cikin ƙanƙara, na tarar da ɗakin wasa ya cika maƙil. Yaron bai kai ƙafa 6 ba, amma ya ci maki 31, yana yanka abokan karawarsa yana wucewa, 'yan kallo na ta ihu. A daren na rubuta rahoto shafi biyu, yabo daga sama har ƙasa.

Koci ya karanta tsaf, ya ajiye. Ya ce, "Sau nawa ya bi ta hagu?" Na yi shiru. "Da ya zubar da ƙwallo, ina ya fara kallo, rafali ko gida?" Shiru. "Da aka fitar da shi hutawa, a ina ya zauna a benci?" Ban da amsar ko ɗaya, domin ƙwallo na yi ta bi da ido duk daren, yaron kuwa sai ƙwallo ta zo hannunsa nake ganinsa. Koci bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai, "Koma."

Sau uku na koma. Ina isa awa guda kafin a fara, in zauna bayan bencinsu da littafi, in raba shafi gida-gida: dama, hagu, fasin da ya haifar da maki, ƙwallon da ya zubar, da abin da ya yi bayan kowane kuskure. Na kuma roƙi kocin makarantar cikakken bidiyon wasa uku, na ce a haɗa da wanda aka ci su. Gajeren bidiyon nan na minti uku da yara ke sakawa a intanet ba ya nuna jifar da ta kuskure ko ɗaya, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da littafin ya nuna ya sanyaya min jiki. Cikin kutsawa 26 da na ƙirga a wasa biyu, huɗu ne kacal ta hagu, biyu daga ciki ma ƙwallon ta kuɓuce masa. A sakandare saurinsa ya isa ya rufe wannan. A jami'a kuwa kowace ƙungiya tana zama ta kalli bidiyon abokan karawarta kafin wasa, ba za a yi mako biyu ba kowa ya san a tare masa dama a bar masa hagu. Jifarsa ta maki uku tana shiga, amma yatsun ƙafarsa na manne da layi, layin sakandare kuma ƙafa 19 ne da inci 9 daga kwando, na jami'a ya ɗan haura ƙafa 22. Da ya ja baya kaɗan sai jifar ta koma turawa daga ƙirji. Ga shi a jiharsu ba a sa agogon jifa, wato agogon da ke ƙayyade lokacin da dole ƙungiya ta jefa ƙwallo kwando, yana iya riƙe ƙwallo har sai ya ga dama, alhali a wurinmu daƙiƙa 30 ce, wasan kuma minti 40 ne maimakon 32.

Inda na fi daɗewa shi ne wasan shinge. Dogon ɗan wasa zai zo ya tsaya ya tare mai tsaron lamba ɗaya, sannan ya juya ya nufi kwando. A wannan ƙiftawar ido masu tsaro biyu suna tsaka mai wuya, kuma dole mai raba ƙwallo ya karanta su: in sun yo kansa su biyu, dogon na nan a sake, in wani ya baro kusurwa don ya taimaka, akwai mai jifa shi kaɗai a can, in sun ja baya, jifar tasa ce. Da yawa daga hare-haren jami'a a kan wannan ake gina su. Na maimaita bidiyon har idona ya yi ja, yaron hanya ɗaya yake gani, ita ce ta kwando. Dogon nasu yakan ɗaga hannu a ƙarƙashin raga ba kowa a kansa, har ya gaji ya sauke.

To amma tambayoyin Koci biyu na ƙarshe sun fito da wani yaron daban. In ya zubar da ƙwallo ba ya kallon rafali, shi ne na farko da ke komawa gida da gudu, yana bugun ƙirji yana cewa laifinsa ne. A benci kusa da koci yake zama, yana tambaya. A wasan da aka ba su ratar maki 18, na ga ya kama rigar wani ƙaramin ɗan aji ɗaya da ya rikice, ya nuna masa inda zai tsaya, ya kuma ba shi fasin na gaba. Tsayi kuwa bai taɓa damuna ba. Fred VanVleet, shi ma mai raba ƙwallo, ƙafa 6 ne, ba ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi da ya fito daga jami'ar Wichita State a 2016, shekara uku bayan haka yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin nan da Toronto.

Sai batun karatu, wanda ya kamata in fara da shi tun ranar farko. NCAA na buƙatar darussa 16 na asali, irin su Turanci, lissafi da kimiyya, kuma a rukuninmu sai matsakaicin makin yaro a cikinsu ya kai 2.2 cikin 4. Makin da makaranta ta rubuta masa ya yi kyau a ido, amma da aka cire darasin motsa jiki da makamantansa ya sauko ƙasa da haka, saura zango ɗaya ya gama. Mu kuma tallafin karatun mutum 10 ne iyakar abin da doka ta ba mu, muna gutsuttsura shi ga 'yan wasa kusan 15. Tun da aka buɗe rajistar 'yan wasa masu son sauya jami'a a 2018, koci na iya amfani da wannan kuɗin ya ɗauko mai shekara 21 da ya riga ya goge a wata jami'ar.

Rahotona na biyu rabin shafi ne. Na ce bana bai shirya mana ba, ya tafi kwalejin shekara biyu inda zai sami lokacin wasa sosai ya gyara makinsa, mu ci gaba da bibiyarsa. Koci ya amince, ya ce amma ni zan gaya masa da bakina. Wasu masu farauta sukan daina ɗaga waya ne kawai, su bar yaro da iyayensa cikin jira har guraben wasu makarantu su cika, kuma a ganina wannan zalunci ne.

Mun zauna da shi da mahaifiyarsa a ɗakin cin abincin makarantar. Na faɗa musu komai, har da cewa Ujiri ma a kwalejin shekara biyu ya yi wasa, Bismarck State a Dakota ta Arewa. Uwar ta yi ta tambaya kan kuɗin makaranta da masauki. Yaron bai ce uffan ba sai da muka miƙe, ya ce, "Koci, zan iya ganin littafin?" Na buɗe masa shafin dama da hagu. Ya daɗe yana kallon huɗun nan, sannan ya ciro waya ya ɗauki hoton shafin. A watan Agusta ya tafi kwalejin, kuma Koci ya riga ya sa sunana cikin masu zuwa kallonsa a Nuwamba.