Ƙwallo tsakanin gari da ruga: aikin yana wajen raba 'yan wasa

A ƙauyukan fadamar Hadejia, wajajen Guri da Kirikasamma, inda manomi da makiyayi ke dogaro da ruwa ɗaya, ana yawan cewa a shirya gasar ƙwallo don samari su san juna. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ƙwallo ba ta yin sulhu da kanta, yadda aka raba 'yan wasa ne ke sa ta gyara ko ta ɓata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ƙungiyar gari ta kara da ta ruga. Rigimar gona ce aka ɗauko aka kafa mata raga biyu. Duk wanda aka taɗe, 'yan kallo ba ɗan wasa suke gani ba, ƙabilarsu suke gani a ƙasa. Haka aka yi a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, a watan Mayun 1990: wasan Dinamo ta Zagreb da Red Star ta Sabiya ya koma tarzoma tsakanin Kuroshiyawa da Sabiyawa tun ba a busa usur ba, shekara guda kafin yaƙi ya ɓarke tsakaninsu.

Maganin shi ne gauraya. A rubuta sunaye a jefa ƙuri'a gaban kowa, a tabbatar cikin goma sha ɗaya akwai aƙalla huɗu daga kowane ɓangare. In kyaftin ɗan gari ne, mataimakinsa ya zama ɗan ruga. Kada a jibge 'yan ɓangare ɗaya a benci a ce ai suna ciki. Sannan atisaye sau biyu a mako, na kamar wata biyu, domin a nan sabo yake shiga. Gasar yini ɗaya hoto kawai take bari.

Lokaci ma yana kashe gasa. Sai bayan kaka, an kai gero da dawa da wake gida, zukata sun kwanta. Yaron da ke kiwo kuwa yana daji da la'asar, don haka a zauna da arɗo a tsayar da ranakun da ƙannensa za su karɓe shi. In ba haka ba, za a ce Fulani sun ƙi zuwa, alhali ba a ba su dama ba.

Fili ya zama na makaranta, ba kan burtali ba. Alƙalin wasa daga wata gunduma, a biya shi kafin wasa. A ja igiya taku uku daga layi. Sanda da adda da wuƙa duk a ajiye wuri ɗaya, wakilin arɗo da na mai unguwa su tsare. Wannan doka ta hau kan kowa; a caje makiyayi a bar manomi ya wuce, cin fuska ne da ba a mantawa. Tsokanar Bafulatani da Babarbare tana da gurbinta a zaure, amma gorin asali a cikin fili jan kati ne. Kuɗi mai yawa a kan kofi yana jawo caca da 'yan wasan haya daga birni. Riguna da ƙwallo ga kowace ƙungiya sun fi.

Akwai kuma iyakar abin da ƙwallo za ta iya yi, wadda bai kamata a ɓoye wa mutane ba. Binciken Salma Mousa a arewacin Iraƙi, wanda ya fito a 2020, ya nuna Kiristocin da suka yi wasa ƙungiya ɗaya da Musulmi sun ƙara sakin jiki da abokan wasansu, amma hakan bai kai ga baƙin da ba su sani ba. A Kwaddibuwa, roƙon da ɗan ƙwallo Drogba ya yi a 2005 cewa a daina yaƙin basasa, da wasan da ƙungiyar ƙasar ta buga a 2007 a Bouaké, cibiyar 'yan tawaye, sun sanyaya zukata, duk da haka jini ya sake zuba bayan zaɓen 2010.

Shi ya sa kwamitin gasa, wato dagaci da arɗo da liman da shugabannin matasa, kada ya watse ranar miƙa kofi. Kafin ruwan farko ya sauka, su zagaya burtali da mashaya tare, su kafa alamu, su tsayar da wanda zai kimanta ɓarna da kwanakin da za a biya diyya a ciki.