Talata: minti ashirin ɗin Alhaji

Ban koma barci ba bayan sallar asuba. Ƙarfe shida saura na saɓi jaka na nufi gidan motsa jiki, don a Afrilun Kano in ka bari rana ta ɗaga, to ka yafe kawai; kafin azahar zafin ya kai maki 40. Wata na uku ke nan da fara zuwa, tun ranar da likita ta ɗaura mini awon hawan jini a dantse ta ga 150 bisa 95, ta kalli tumbina ba ta ce komai ba tukuna. Daga baya ta faɗa mini ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Na raba shi minti 30 sau biyar. A takarda kamar wasa. Sai dai na'urorin gudu huɗu ne kacal a wurin, mu kuwa 'yan safe mun kusa talatin, kuma ƙarfe takwas lokacin mata ne, dole mu fice.

Ina cire takalmin waje aka ɗauke wuta. Janareton wurin na'urar gudu biyu kawai ake ɗora masa, mai wurin ya ce da tsadar man dizal ba zai iya huɗu ba. Akwai takarda manne a bango: minti 20 in akwai mai jira. Ƙarƙashinta ɗan allo inda ake rubuta suna. Ni ne na huɗu.

Na ce bari in rage zaman banza, na nufi bencin ɗaga ƙarfe. Babu kowa a kai, amma ga tawul a shimfiɗe, ga gorar ruwa, ga makullin babur. Wannan ɗabi'ar na san ta tun muna yara a layin famfo: mutum ya ajiye jarka ko tsohon bokiti, ya tafi gida ya karya kumallo, ya dawo ya ce ai shi ne a gaba. A can dai jarka ce take bin layi. A nan tawul ne yake motsa jiki.

Na tsaya minti kusan uku. Can sai ga mai kayan ya taho daga gaban madubi, inda ya jingina waya yana ɗaukar dantsensa, na TikTok ne ko na budurwa, Allah masani. Yaro ne da bai wuce ashirin da biyu ba.

“Baba, ina kai. Saura zagaye uku.”

Ban san lokacin da murya ta ɗaga ba. Na ce masa kuɗin wata ɗaya muka biya ni da shi, ba gadon gidansu ba ne, in hoto ya zo yi ga situdiyo can a titi. Har waɗanda ke kan keke suka waiwayo. Na zata zai mayar mini. Sai ya cire abin kunnensa ya ce, “Yi haƙuri Baba. To mu riƙa karɓa-karɓa mana. In na yi nawa, kafin in huta kai ka yi naka.”

Gaskiya ban taɓa sanin ana haka ba. Ni a zatona wanda ya riga shi ne mai benci har ya gama. Ashe mai ɗaga nauyi ba ya rabin minti a kwance. Sauran minti biyu ko uku na hutu ne, bencin yana zaune babu kowa. Mutum biyu suna iya gamawa a kusan lokacin mutum ɗaya. Wahalar kawai sauya faranti. Shi yana ɗaga kilo 60, wato sandar mai kilo 20 da faranti mai 20 a kowane gefe. Ni kuwa sandar da 'yan biyar-biyar, kilo 30, shi ma ina nishi. Duk zagaye sai ya zare nasa ya sa nawa, in na tashi mu mayar tare. Sau uku, bai ɗaure fuska ba. Da na kwanta ya tsaya a kaina, hannuwansa a ƙarƙashin sandar bai taɓa ta ba, yana cewa, “Sauke a hankali Baba, kar ka riƙe numfashi.” Wannan maganar ta numfashi likita ma ta ja mini kunne a kanta, don riƙe shi yayin ɗaga nauyi yana ƙara tura jini sama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Duk lokacin da zai ba ni wuri sai ya goge bencin da tawul ɗinsa, ɗin nan da na gama zagi a zuciyata. Ni kuwa na baro nawa a kan igiya a gida. Da na tashi a zagaye na biyu na waiga, sai ga shatin bayana kwance a kan ledar, jagab, har da na ƙeya. Bai ce uffan ba. Ya goge, ya juya tawul ɗin, ya kwanta. Laifi tudu ne. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na koma wajen allo. Biyu daga cikin waɗanda ke gabana sun samu, sun yi sun sauka a na'ura ta ɗaya, na ukun ya hau. Ta biyun kuwa tun shigowata Alhaji ne a kai. Kowa ya san shi, ɗan kasuwa ne a Kwari, mutumin kirki, da azumin bara an ce shi ya riƙa kawo wa ma'aikatan wurin kayan buɗa-baki. Tafiya yake yi irin ta zuwa ɗaurin aure, waya a kunne, ana maganar dilar atamfa da ta maƙale a hanya. Ya rataya hularsa daidai kan agogon na'urar. Na leƙa ta gefe: minti 38.

Koci yana gani. Ya shiga gyara faranti da ba su buƙatar gyara. Ban ga laifinsa sosai ba, yaro ne mai albashin wata, Alhaji kuma na shekara ya biya. Amma ni fa? Ni da na cika ɗaki da murya a kan ɗan mutane saboda minti uku? Alhaji ya juyo muka haɗa ido, ya ɗaga mini hannu, na ji bakina yana cewa, “Ba komai ranka ya daɗe, ci gaba.” Har da murmushi. Ba komai! Ga yara suna jira in kai su makaranta.

Yaron nan ne ya zo wucewa zai mayar da ƙananan ƙarafa mazauninsu. Ya kalli allo, ya kalle ni. Ya matsa kusa da Alhaji, ya ɗan rusuna, ya jira sai da ya sauke wayar. “Barka da ƙoƙari Alhaji. Baban nan ne a layi, kuma da alama sauri yake.” A hankali ya faɗa, ban da ni babu wanda ya ji. Alhaji ya ɗaga hular ya ce, “Au! Subhanallahi, ai ban lura ba.” Ya ƙara minti biyu, ina jin don kar a ce yaro ne ya sauke shi, sannan ya sauka ya ba ni hannu.

Minti 12 na samu. Ina cikin na goma sha ukun uwargida ta kira, wai ƙaramin ya sa takalmi yana bakin ƙofa. A wajen ajiye babura na tarar da yaron yana ɗaure jaka. Na so in ce masa ya yafe mini maganar ɗazu, sai abin ya fito a “Sannu samari, gobe ƙarfe nawa kake zuwa?” Ya ce shida da kwata, ranar ƙafa ce, in ina so in zo ya nuna mini yadda ake tsugunno ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba.

Lissafin makon nan: jiya 30, yau 12. Saura 108 a kwana uku. Tawul na sa shi a jaka tun da magariba, na ƙara da wani tsoho. Uwargida ta tambaya na biyun na wane ne, na ce na benci.