Kwana a bakin Gulbin Rima kafin bazara ta kankama

Mai son ya kwana a fili ya kuma taka bakin Gulbin Rima, lokacinsa shi ne tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris. Hunturu ya sassauta, ruwa ya ja baya, fadamar Kwalkwalawa da ke kusa da garin Sakkwato ta yi shar da albasa da shinkafar rani. Da Afrilu ta kama, zafin Sakkwato kan haura digiri 40, tafiyar ƙasa ta zama ganganci.

Kafin komai, a je wurin mai unguwar ƙauyen da ke kusa, a gaishe shi, a faɗi yawan mutane da inda za a kwana. Ɓangaren Goronyo da Rabah da Isa kuwa, ba ma ba kowa shawarar kwanan daji can saboda matsalar tsaro.

Wurin kafa tanti shi ne inda aka fi yin kuskure. Farin yashin tsakiyar gulbi yana da daɗin kwanciya, amma ruwan Rima daga madatsar Goronyo ake sako shi, kuma yana iya ƙaruwa cikin dare ko da ba a ga hadari ba. A hau tudu, a wuce layin da ambaliyar bara ta bar tarkace. A can sauro ma ya fi sauƙi, duk da haka gidan sauro dole ne. Gawo ne ke da ganye da rani, inuwarsa kuma mai kyau ce, sai dai ƙayarsa na huda tabarma da ƙasan tanti, don haka a share wurin tukuna. Gajeren turke ba ya kama yashi. A cika buhu da ƙasa, a ɗaura igiyar a jikinsa, a binne shi kamar kamu ɗaya.

A fita da an sallame Asuba, a dawo inuwa kafin ƙarfe 11. Kilomita 6 zuwa 8 sun isa, domin yashi na cin ƙafa. Kowa ya tanadi ruwa lita 5 a yini, ban da na girki da alwala. Wanda ciwon kai da jiri suka kama, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa lita 1 ya riƙa kurɓa. In ya fara sambatu, sai asibiti.

Ruwan gulbi ba a sha sai ya tafasa. Kududdufan da suka tsaya kuma kada yara su shiga, nan ake ɗaukar tsargiya.

Takalmi rufaffe da dogon wando, saboda ƙarangiya da kububuwa. Da safe a zazzage takalmin kafin a sa, kunama na shigewa ciki. Wutar girki a yi ta nesa da gonaki da harawar mutane, a kashe ta da ruwa, domin garwashin da aka rufe da yashi yana kwana da zafinsa.