Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Shekarar da na yi ina jiran bakin Abba

Makon jiya na tsaya a komawarmu unguwar Mamobi a Accra. Ya kamata in ɗora daga nan, amma tun Laraba da na dawo daga kasuwar Nima maganar Hajiya, uwar mijina, ke yi mini yawo a kai.

"Ki rabu da yaro, kawunsa ma sai da ya shekara biyar ya buɗe baki."

Ɗana Abba na da shekara biyu da rabi lokacin. A kira shi ba ya waiwayowa, amma ko ledar biskit aka taɓa a ɗaki zai taso. Sai ya jera murafen kwalba tun daga bakin ƙofa har gindin randa, wanda ya gusar da ɗaya ya jawo mana kukan awa guda. In lasifikar biki ta tashi a layinmu, ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Na ce a kai shi asibiti, Hajiya ta kawo zancen kawu, baban yara ya sunkuyar da kai. Uwar miji ce, me zan ce? An yi rubutu, an yi tofi, ban raina ko ɗaya ba, har gobe ina yi masa addu'a. Amma shekara guda cur ta wuce.

Ranar da na kai shi asibitin Korle Bu, ƙarya na yi na ce zan je sarin atamfa kasuwar Makola. Allah Ya yafe mini. Suka fara da gwajin kunne, lafiya lau. Bayan zuwa uku likitar yara ta kira sunan abin, otizim, wanda nake ji a rediyo ana ce wa galahanga. Ta ce ba laifina ba ne, kuma da wuri ake son farawa. Da wuri! A cikin trotro, motar haya, har tashar Circle kuka nake yi, ina lissafin watannin da na zauna.

Sai rigimar makaranta. Gwamnatin Ghana ta fitar da tsari tun 2015 cewa irin su Abba su zauna aji ɗaya da sauran yara, amma wata makarantar kuɗi da ba zan faɗi sunanta ba ta dawo mini da shi bayan kwana tara, wai yana hana yara karatu. Kuɗin yunifom ma ba su mayar ba. Aljihuna kuwa ba zai ɗauki makaranta mai tsada da mai koyar da magana a lokaci guda ba, don zama ɗaya da ita yana cinye ribar kwana uku. Na zaɓi mai koyar da magana, sau biyu a wata ranar Talata, na sa shi a ƙaramar nazare ta bayan gidanmu, inda malamar ta yarda ya zauna kusa da ƙofa, ya fita in hayaniya ta yi masa yawa.

Ni mai koyar da maganar ta fi koya wa. Ta ce in rage tsawon magana, in riƙe kofi kusa da fuskata in jira ya nuna, in manna hotunan wanka, abinci da barci a bango. Na tambaye ta ko in daina yi masa Hausa saboda Turancin makaranta, ta ce kul. Da aka rufe makarantu a Maris 2020, hotunan nan ne suka riƙe mu har Janairun 2021.

Shi kawun da ake ta misali da shi, yana Kumasi, ya haura hamsin, ba ya haɗa ido da kowa. Sai yanzu nake kallonsa da wani ido, ina jin tausayinsa.

Abba na gab da cika biyar, wata safiya ya miƙa wa Hajiya kofi ya ce, "Koko." Ta rungume shi tana hawaye, ta juyo ta ce, "'Yar nan, ban faɗa miki ba? Kamar kawunsa."

Na karɓi kofin na zuba masa. Fiye da shekara guda ina durƙuso da kofin nan, kuma har ta koma ga Allah ban gaya mata inda nake zuwa ranar Talata ba.