Shekarar Sharon

A 2016 ina aikin malamin gona tare da masu noman rani a yankin Ikara. Shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta lamushe tumatir a Kaduna da Kano, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka ne. Yakan saka ƙwai a ganye, tsutsar ta huda ta shige ciki, don haka feshi bai cika isa gare ta ba. Mun yi ta zuba magani iri ɗaya har ta saba da shi. Ni kuwa a lokacin ina ji da takardata, gani nake duk gonar da ta bi shawarata sai ta yi albarka.

Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu da ya ranci kuɗin taki da na man injin ban-ruwa a kan maganata. Ko kwando biyar bai tsira da su ba. Makonni na yi ina kauce masa.

Ranar baikon godiya sai ga shi da mudun dawa guda, yana waƙa. Bayan sujada na tare shi na ce, "Baba, ka gafarce ni, ni na sa ka asara."

Ya yi dariya. "Ɗana, yaushe ka zama mai gonar? A Littafi Mai Tsarki, Bulus ya shuka, Afolos ya yi ban-ruwa, wa ya sa ta girma?"

Maganar ta yi mini zafi, don kuwa girman kaina ta taɓo. Ashe da can godiyata ciniki ce: in an samu in ce na gode, a zuciya kuma ina yabon dabarata. Shi kuwa irin ta annabi Habakuk yake yi, wanda ya ce ko itacen ɓaure bai yi fure ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji.

Na ɗauka daga nan zai naɗe hannu ya ce haka Allah ya so. Ina! Washegari da sassafe ya zo ƙofar gidana yana tambayar yadda ake kafa tarkon kama mazan ƙwarin, da yadda ake sauya magani. Tare muka tuge ragowar tumatirin muka ƙone, wannan ɓangaren kuma ya ce albasa zai sa.