Laraba a tekun Tema

Jiya Talata masunta ba sa fita teku, don haka sai yau muka samu kwale-kwale. Ana idar da sallar asuba na baro unguwar Nima a Accra, kafin rana ta ɗaga mun bar gaɓa. Na tsoma hannu a ruwa, sanyi ya ratsa ni har kafaɗa. Ma'auni ya nuna digiri 22. Haka Agusta take a tekun Gana: daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa sama ɗauke da taki, ƙananan tsirran ruwa su yi ta hayayyafa har teku ta koma kore-kore.

Wuri huɗu muka ja ragarmu mai ƙananan ido don ƙirga ƙwai da jariran ancobi, wani ɗan ƙaramin kifin teku, muna juye abin da ta kamo a kwalba. Kusa da gaɓa kwalba ta yi kauri kamar kunun kanwa. Da muka nausa can ciki inda ruwa ya yi shuɗi garau, kusan wayam.

Da la'asar na zauna gaban madubin ƙara girma. Ƙwan ancobi ba ya ɓuya, dogo ne kamar ƙwayar shinkafa, alhali na yawancin kifaye kewayayye ne. Sai ga jaririn da bai jima da ƙyanƙyashewa ba, tsawonsa kamar milimita 3, jiki garai-garai kamar gilashi, ɗan guzurin gwaiduwa maƙale a cikinsa. Na daɗe ina kallonsa, wallahi har tausayi ya kama ni. Guzurin nan na 'yan kwanaki ne. In ya ƙare bai tarar da abinci dab da bakinsa ba, shi ke nan. Ba shi da ƙarfin iyo, inda igiya ta kai shi nan ne gidansa, kuma igiyar Gini gabas take ja.

A nan na tuna aikin masanin kifi Reuben Lasker na 1975 a gaɓar Kalifoniya. Ya gano cewa jariran ancobi suna samun na ci ne idan abincin ya taru a siririn falle guda cikin ruwa mai natsuwa. Guguwa ta zo ta dama ruwan, fallen ya watse, abincin da ya rage bai isa ya riƙe su ba. Wato teku na iya cika da abinci, ɗan kifi ya mutu da yunwa a tsakiyarsa. Wannan magana ta hana ni sakat tun ranar da na fara karanta ta.

Na dawo gida na tarar Umma tana dakan busasshen kifin shito, yajin nan na Gana, irin wanda 'yan kasuwa ke kira 'yan makarantar Keta. Ancobin ne dai.

"Kifi ya yi tsada bana," in ji ta, tana nuna ɗan kwanon da ta auno. "Ke da kike bin teku, ina kifin ya shiga?"

Na ce, "Umma, sai na gama ƙirga na kwalaben nan tukuna."

Saura kwalba uku. Gobe ƙarfe bakwai in sha Allahu.